Lambun Oga Nik

Ƙawata, sannu da dawowa. An ce tun da kika sauko daga mota kike tambayar abin da ya sa aka yi walimar saukar Kubra a gidan Iya Mistura, alhali ga gidanta da fili har ya yi mata yawa. Duk wadda kika tambaya a layin nan za ta ce miki cinnaku ne suka tashi taron. To gyara zama in ba ki labarin cinnakun.

Kin dai san mijinta Malam Jika, mai a-kori-kurar nan da ke dakon katako daga kasuwar Laranto. Mutum ne da bai taɓa jin an ambaci abu ya ce bai san shi ba. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa taya wani gyara. In ana zancen ciwon suga, shi ya gaya wa likita maganin. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Farkon daminar bana aka ɗauke shi ya kai katako Rayfield, gidan wata Madam Obiamaka da ke gina rumfar shan iska a bayan gidanta. Yana sauke kaya yana leƙe. Ya ga ciyawa kwance kamar darduma, ya ga kabeji da latas da tumatir jere, ga kujeru a ƙarƙashin bishiya, ga Madam tana zagayawa da baƙinta tana nuna musu shuke-shuke da Turanci. Duk abin da ta nuna sai ta ce oganik. Daga baya muka san ma'anar kalmar, wai shukar da ba a sa mata takin zamani ba, ba a kuma fesa mata magani ba. Shi kuwa Jika kunnensa sai ya raba kalmar gida biyu. Ya ji Oga, ya ji Nik. Kafin ya iso Laranto ya gama ƙera mutumin a ransa, har da tsawonsa da gemunsa.

Ya shigo gida ya tarar da Kubra a tsakar gida tana tilawa. Ya tsaya ya dubi daɓen simintin nan nata da take wankewa kullum har yana ƙyalli, ya girgiza kai, ya ce ashe zaman kurkuku suke yi ba su sani ba. Manyan mutane yanzu ba sa zaman ɗaki, a waje suke rayuwa, cikin ganye, mutum ya miƙa hannu daga kan kujera ya tsinki tumatir ya jefa a baki. Ya ce wani Bature ne, Oga Nik, ya kama hannunsa ya zagaya da shi ya koya masa sirrin abin daga farko har ƙarshe. Da yamma a majalisa labarin ya ƙaru, sun sha shayi tare. Kafin Juma'a Oga Nik ya fara kiransa ƙanensa.

Ita Kubra abu ɗaya ne a gabanta. Kin san shekarun da ta kwashe tana zuwa makarantar matan aure, ta gama girki ta suri hijabi ta tafi da gudu, ta dawo tana bitar aya a bakin murhu. Ga shi Allah ya kawo ta izu na ƙarshe, an sa walimarta ƙarshen damina. 'Yan ajinsu da ba su da fili a makaranta suka yi tasu. Ita kuwa tun ran da ta fara haɗa baƙi take hango ranar da za ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, inda ta koyi karatun nan da kumfar wanki a hannu, ta buɗe Alƙur'ani ta karanta a gaban Malama Amatullahi da duk ajin. Ba ta taɓa roƙon Jika zinare ba, wannan kaɗai take so.

Ta ce masa, "Malam, ka bar min daɓena har a yi walima. Bayan nan in ka ga dama ka shuka shinkafa a kan gado."

Ya ce, "Ai don walimar nake yi. Ƙawayenki a kan siminti suka zauna kamar masu jiran likita. Ke a cikin lambu za ki yi karatu, a riƙa ba da labarinki har Bukuru."

Ta ɗauka zancen zai bi sauran zantukansa ya wuce. Washegari ta dawo daga makaranta ta tarar da shi daga shi sai singileti, da diga a hannu, rabin daɓen ya zama tsakuwa. Tana tsaye ba ta ko cire hijabi ba ya ɗaga diga ya sauke a kan bututun ruwa. Kuma ranar ce aka kawo ruwan famfo bayan an daɗe ana jira. Ruwa ya yi tsiri ya wuce kwanon ɗaki. Bututun nan kuwa shi ne ya ratsa katanga ya shiga gidan Iya Mistura, Bayarabiyar nan haifaffiyar Jos mai sayar da amala a ƙofar gida, wadda ta jera bokitai tun safe. Sai ga ta da muciya a hannu.

Ta kira shi da sunan 'yarsu ta ce, "Baba Kausar, rijiya kake tona mana ko kabari?"

Jika yana tsaye cikin ruwa har idon sawu ya ce ban-ruwa ne irin na Oga Nik, daga sama ake fara jiƙa ƙasa. Iya ta ce in Oga Nik ɗin ya cika namiji ya zo ya cika mata bokitanta. Sai da aka kira mai gyaran famfo, layin gaba ɗaya ya kwana ba ruwa.

Da aka kwashe simintin, abin da ke ƙasa ya bayyana. Kin san Jos, ba a yin nisa da tono dutse zai yi sallama. Jika ya buga diga ta yi tartsatsi ta dawo masa. Ya ce ba komai, dama ƙasar gari ta gaji, daga waje ake kawowa. Ya tuƙa mota har wajen Bukuru, ya je bakin tsofaffin kududdufan kuza, ya loda farin yashin nan da aka tace aka zubar tun zamanin kakanninmu. Ya zaɓe shi ne don yana ƙyalli. Ya gaya wa 'yan majalisa ƙasar da ta haifi kuza ba za ta kasa haihuwar karas ba. Ya shuka, ya yi ta ban-ruwa safe da yamma, yana durƙusawa yana leƙen yashi. Ko ciyawar banza ba ta yarda ta fito ba.

Ya ce taki ne ya rage. Ya je wani gidan kaji ya kwaso kashi ɗanye, mai ɗumi, ya baje shi kaf a tsakar gida. Ƙawata, ƙudajen da suka sauka Laranto a satin nan ban san daga wace ƙasa aka aiko su ba. Kubra tana karatu da hannu ɗaya, ɗayan yana kora. Masu cin amala a ƙofar Iya suka fara zuwa su tsaya daga nesa su gaisa su wuce. Iya ta hau turmi ta leƙo ta kan katanga ta ce ya zo ya kwashe ƙudajensa daga kan miyarta.

Ya ce, "Iya, ƙuda yana da katin shaida ne da za ki ce nawa ne?"

Ta ce, "Ba shi da kati, amma warin gidanka yake yi."

Ya ce mata kashin kaza ba najasa ba ne, ta je ta tambayi malamai. Ta ce ita ba fatawa ta zo nema ba, hanci ne da ita. 'Yan tsiron da suka yi ƙarfin hali suka leƙo kuwa, zafin kashin ya ƙone su suka kwanta. Abin da ya tsira a gefen katanga awakin maƙwabta suka shigo suka yi masa aski.

Saboda awakin nan ya ce zai yi shinge, kuma ba na waya ba, Oga Nik ba ya son ƙarfe kusa da shuka. Ya fita bayan gari ya saro ƙerana, ƙayar nan mai farin ruwa kamar nono da mutanen ƙauyukan kan dutse ke kewaye gonakinsu da ita. Wani tsoho ya ce masa ya naɗe hannu ya kuma kiyayi idonsa. Ya ce tun tsohon bai yi gemu ba yake dasa ta. Ya yi aikinsa da hannu tsirara, gumi ya zubo, ya sa hannun ya share fuska. Kafin la'asar fuskar ta tashi kamar an kwaɓa fanke, idanun suka shige ciki. Kubra ce ta ja shi da hannu har kemis ɗin Mustapha, yara na bin su a baya.

Mustapha yana ɗiga masa magani a ido yana jin yadda Oga Nik ma ya taɓa kumbura haka a ƙasarsu. Ya dakata, ya ce, "Malam Jika, anya ba oganik kake nufi ba?"

"Shi nake nufi mana, Oga Nik. Au, kai ma ka san shi?"

Mustapha ya dube shi, ya dubi Kubra, ya ciji leɓe ya ce a'a, a bakin mutane dai yake jin sunan, a gaishe shi. Tun daga ranar duk sanda Jika ya wuce sai ya tambaye shi lafiyar Oga Nik da iyalinsa.

Da suka dawo gida Kubra ta zaunar da shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce damina ta raba, gidanta ya koma juji, maƙwabciyarta ta daina amsa gaisuwarta, in wata mai kamawa ya tsaya ba ta ga kore a gidan nan ba za ta kira ƙanenta Nura magini ya zuba siminti, ko da Jika yana kwance a wurin ne a zuba da shi. Ya ga babu wasa a fuskarta, iya abin da kumburarrun idanunsa suka iya gani.

Fuska na saɓewa ya koma Rayfield. Ya tarar Madam tana cikin mota za ta fita. Ya rusuna ta taga, da guntun Turancinsa da Hausa ya roƙe ta ta sam masa abin nan na Oga Nik da ake zuba wa ƙasa. Tana sauri, ta nuna masa wani tsibi a can bayan gareji ta ce ya ɗiba son ransa, ana kawo mata wani kullum. Ya je ya ga abu baƙi, busasshe, mai laushi kamar garin ƙuli. Ya so ya tambayi maigadi ko na mene ne, sai ya tuna tun yana shigowa ya gaya wa maigadin shi ya ba Oga Nik shawarar yadda ake haɗa shi. Ya haɗiye tambayar ya cika mota.

To nan ne abin mamaki ya faru. Lambu ya kama. Alayyafo ya tashi ganyensa kamar faifai. Latas ya buɗe, kabeji ya naɗe kai, kokwamba ta hau katanga ta leƙa gidan Iya. A tsakiya ya dasa ciyawa irin ta Rayfield, ta rufe wurin shar. Ya harhaɗa benci da ragowar katako ya ajiye a gefe, ya koma nan yake cin abinci, nan yake sauraron rediyo, ko yayyafi ake yi ba ya shiga ɗaki, wai manya ba sa gudun ruwa. Mura ta kama shi bai fasa ba.

Kubra ma zuciyarta ta sauko. Da hantsi in ya fita aiki takan ɗauko kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da alayyafo ta yi bita, iska na kaɗa ganye, ta ji karatun yana shiga fiye da da. Har ta nemi gafarar Allah a ranta kan zaton da ta yi wa mijinta. Ta yanki latas mai kyau ta kai wa Iya da kanta, suka shirya.

Shi kuwa gogan sai abin da ya ƙaru. Ya daina tafiya kamar mutane, sai da hannu a baya. Kowane gida a layin ya aika musu da ganye, da saƙon cewa su ci su ji bambanci da abin da suke saye a kasuwa, wanda duk guba ce. In ya ga mace ta dawo cefane sai ya tare ta ya leƙa ledarta ya yi mata jaje. Da aka fara tambayarsa ko Oga Nik zai zo walima, ya ce ya so zuwa amma an kira shi ƙasarsu da gaggawa, sai dai ya wakilta Madam. Kuma da gaske ya je ya gayyace ta, ta ce za ta zo, tana son taron mata.

Ana saura kwanaki kaɗan ya ga ciyawar ta ɗan yi ja a wasu wurare. Ya ce ba za a zaunar da baƙi a kan abin kunya ba. Ya sake komawa tsibin Madam, ya tarar an kawo sabo, bai gama bushewa ba. Ya kwaso ya barbaɗe ciyawar da shi kaf, ya bi da ruwa. Wannan karon akwai wari, wani iri, mai nauyi, ba na kaji ba, ba na shanu ba. Kubra ta yi magana ya ce ƙamshin inganci ke nan, hancinta ne bai saba ba. Iya ta shinshina ta kan katanga ta ce ta san warin nan, ta taɓa toshe hanci saboda shi a cikin mota a wata hanya, amma ta rasa ina ne. Kubra ta sayo turaren wuta ta yi ta banka wa tsakar gida har ya danne.

Ranar walima ta zo. An kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai kyau. Aka kafa wa maza rumfa a ƙofar gida, mata suka shiga ciki, aka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa tsakanin kunyoyin kabeji. Gaskiya wurin ya yi kyau, kowa ta shigo sai ta ce masha Allah. Kubra ta fito cikin sabuwar atamfa da farin hijabi har ƙasa, ta zauna kusa da Malama, Alƙur'aninta a kan cinya cikin jakarsa. Ta dubi gidanta cike da 'yan ajinsu ta ji abin da ta daɗe tana roƙo ya zo.

Malama ta ce a fara. Jika ya aiko daga zaure a dakata, babbar baƙuwa tana hanya. Kafin ta iso ya sa a fito da kwaɗon latas da kabeji da kokwamba, duk daga lambun, a raba ciki da waje, kada a jira sai bayan karatu. Aka raba, aka hau ci ana yabo.

Can sai ga Madam Obiamaka, ta yafa gyale don girmama wuri, da ƙunshin kyauta a hannu. Jika ya rafka sallama ya biyo ta har tsakiyar mata, cikin babbar riga, ya fara jawabi. Ya faro daga ranar da suka haɗu da Oga Nik, ya bi ta kan wahalar da ya sha da mutanen da ba su san ci gaba ba, yana satar kallon Iya. Iya ta bari ya ja numfashi, ta juya ta gaida Madam da ladabi, ta tambaye ta ya maigida Oga Nik, ya isa ƙasarsu lafiya?

Madam ta ce da irin Hausarta, "Maigida na Ejiofor ne, yana gida. Wane Nik?"

Iya ta ce Baturen nan dai, dogo mai gemu, mai lambun, yayan Baba Kausar. Madam ta dubi Jika, ta maimaita sunan a hankali a bakinta, sai ta gane. Ta so ta riƙe dariyar, ta kasa. Ta dafa kafaɗar Iya tana share hawaye tana bayani, ba mutum ba ne, kalma ce. Dariya ta bi tabarmi daga wannan gefe zuwa wancan, har masu rufe baki da hijabi. Jika ya ce Madam ba za ta san shi da wannan sunan ba, na tsakaninsu ne. Dariyar ta ƙaru.

Kubra ta sunkuyar da kai. Ta ce a ranta ba komai, a yi dariyar a gama, mijinta ne, ta saba. Karatu dai za a yi.

Malama Amatullahi ta so ta rufa masa asiri ta kawar da zancen. Ta ce ko ma wane ne, lambu dai ya yi albarka, ta tambayi Madam wane irin taki ne wannan, su ma su nema. Madam ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta ja iska ta hanci. Turaren wutan ya riga ya mutu. Ta dubi ciyawa, ta dubi tabarmi, ta dubi jakar da ke kan cinyar Kubra, dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

Ta ce, "Oga Jika, takin da ka ɗauka, nan ka zuba? Cikin gida? Ni na ɗauka gona na wani kake kai wa." Ta rage murya, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. "Ƙanin mijina yana kiwon alade a Bukuru. Daga can ake kawo min. Don Allah ku yi haƙuri, da ya tambaye ni da na faɗa."

Ƙawata, ban taɓa jin shiru irin wannan a taron mata ba. Akwai wadda cokali ya tsaya mata a hanya. Akwai wadda ta cika baki da kabeji, ta rasa ta haɗiye ko ta tofar, kuma ina za ta tofar. Iya ta ce a hankali, yanzu ta tuna hanyar. Sannan kowa ta miƙe lokaci ɗaya, ana dafa juna, kowa tana juyawa tana duba bayan zanenta. Ruwan jiya ya taso ta ƙasan tabarmi, duk mun jiƙe.

Jika ya ce a kwantar da hankali, ai ya bushe, rana ta kashe shi. Da ya ga ana nuna masa zannuwa sai ya ce aladen turawa daban ne, tsaftarsa ta fi ta wasu mutanen. Iya ta ce to ya ɗauko shi ya sa a ɗaki. Malama ta ɗaga murya ta ce ganyen da aka wanke aka ci malamai ba su haramta shi ba, kowa ta kwantar da cikinta, amma ba mai saurarenta, wasu sun riga sun nufi bakin rariya. Ta ce wurin zama kuwa da tufafin da suka jiƙe, wannan ba sai an tambaya ba, ba za a buɗe Littafin Allah a nan ba.

Kubra ta miƙe a hankali, ta rungume jakar a ƙirji da hannu biyu, sama da komai. Ƙasan farin hijabin ya yi ruwan ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalli Jika ba. Ta dai tsaya tana duban tsakar gidan, kamar wadda ta shigo gidan da ba ta sani ba.

Iya Mistura ce ta kama gwiwar hannunta ta ce, "Taho, Maman Kausar. Nawa daɓen ba shi da kyau, amma siminti ne."

Kafin a fita Malama ta tsaya a bakin zaure ta ce kowa ta saurara. Mazan da ke waje sun cinye nasu kwaɗon. In suka ji wannan magana yau, duka za a yi, walima ta koma ofishin 'yan sanda, Kubra ba za ta yi karatunta ba. Duk wanda ya tambaya a ce cinnaku ne. Haka muka fito a jere, kowa na kakkaɓe zane, maza na yi mana sannu suna ba da shawarar a zuba toka.

A gidan Iya aka wanke ƙafafu, aka ɗauraye abin da zai ɗaurayu, na kusa suka ruga gida suka sake kaya. Iya ta buɗe akwatinta ta ɗauko wa Kubra zane da buba irin nasu, na zuwa biki, da hijabin sallarta. Kin san girman Iya, kin san Kubra. Sai da aka naɗe hannun bubar aka ninka zanen kafin ta iya tafiya. Aka ture tukwanen amala gefe aka shimfiɗa tabarman Iya da buhuna. Nan ta zauna, a gidan da ba nata ba, cikin kayan da ba nata ba, ta yi basmala. Muryar ta fito tana karkarwa, sai da ta kai tsakiyar Fatiha ta tsaya da ƙafarta. Ta shiga farkon Baƙara ba gargada ko ɗaya, Malama ba ta gyara mata ko wasali ba. Madam tana tsaye can baya da hannu a ƙirji har aka shafa. Mun yi kuka, har da Iya.

Bayan an watse Jika ya zo ƙofar Iya yana sallama ƙasa-ƙasa. Kubra ta fito ta tsaya daga ciki. Ta ce masa ƙafarta ba za ta taka gidan nan ba sai ya kwashe ƙasar da hannunsa har ya ga dutse, an wanke, Nura ya zuba siminti ya bushe. Ya ce kabejin fa, ya kusa yanka. Ta ce har da kabejin. Ya ce to me zai gaya wa mutane in suka ga yana tone lambun da ya cika gari da labarinsa?

Ta ce, "Ka tambayi yayanka Bature, shi ya saba ba ka shawara." Ta saki labule.

Kuma kin san ya samo amsa. Washegari maza suka gan shi yana loda ƙasa a mota da shebur, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Suka tambaya. Ya sauke shebur, ya sunkuyar da kai, ya ce labari ya zo masa Oga Nik ya rasu a ƙasarsu, shi kuwa ba zai iya buɗe ido kullum ya ga lambun ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wallahi har benci aka fito da shi ƙofar gida aka zauna karɓar gaisuwa. Mustapha mai kemis ya rufe shago ya zo, ya fi kowa daɗewa, yana tambayar ko mamacin ya bar 'ya'ya.

Kubra tana gidan Nura har yanzu, simintin bai gama shan ruwa ba. Jiya na je na same ta ta fara tilawa daga farko.

To kin ji cinnakun. Mu matan layin nan mun haɗa baki, ban da shi Jika ko namiji ɗaya bai sani ba, kuma don zaman lafiya ne. Don girman Allah ki bar shi a cikinki, kada ki gaya wa kowa, balle maigidanki. Yana cikin rumfar ranar, kuma an ce har ƙari ya nema, ya sa aka ƙulla masa saura a leda ya kai wa mahaifiyarsa.